Krofrom: Ɗakin da Kaka Ya Hana a Ba Da Haya



Daren Juma'ar da ta wuce, ina fitowa daga ɗakin watsa shirye-shirye bayan na sallami masu sauraro, sai na tarar da saƙon yayana a waya. Gajere ne: an sami mai sayen gida, kowa ya hallara ranar Lahadi bayan La'asar. Gidan da yake nufi shi ne na kakanmu da ke Krofrom a birnin Kumasi, inda aka yanke mini cibiya a 1989. Mai sayen zai rushe shi ne ya gina shaguna hawa biyu. Rabon mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, ya faɗo kanmu mu biyar, kuma ba zan ɓoye muku ba, abin da zai zo hannuna zai raba ni da zaman haya na wasu shekaru. Duk da haka barci ya ƙi zuwa a daren nan. Ɗaki guda ne ya tsaya mini a rai, wanda ke dab da ƙofar shiga, wanda tun da aka gina gidan ba a taɓa karɓar ko kwabo na hayarsa ba.

Gidan irin na da ne, ɗaki goma sha huɗu kewaye da tsakar gida, famfo ɗaya, madafa ɗaya, rufin kwano da ya yi ja don tsatsa. Goma sha uku na iyali ne da 'yan haya. Na sha huɗun shi muke kira ɗakin baƙi. Abin da ke cikinsa tabarma biyu ne, da tsohuwar katifa, da buta, da fitilar ƙwai. Dokar Kaka ita ce, duk wanda mota ta sauke shi a Kumasi bai san kowa ba, in dai ya yi sallama a ƙofar nan, to ya sami wurin kwana da tuwon dare har ya gane gari. Ina yaro na ɗauka halin kirki ne kawai na tsoho. Sai da na girma, na yi karatun aikin jarida na soma tonon tarihi, na gane ashe ragowar wata tsohuwar sana'a ce, wadda a kanta aka kafa zangon Kumasi gaba ɗaya.

Goro ne ya kawo kakanninmu wannan ƙasa. A ƙarni na 19, fatake daga Kano da Katsina da sauran garuruwan Hausa, musamman Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, kan taso ayari guda ƙarƙashin madugu, da jakuna ɗauke da kanwa da tufafi da fatu, su yi watanni a hanya kafin su iso Gwanja. Babbar kasuwar ita ce Salaga. Goron kuwa daga dazuzzukan Asante yake fitowa, mutanen da mu Hausawa muke kira Tonawa. Akwai Musulmi a Kumasi tun kafin nan, domin Turawan da suka ziyarci fadar Asantehene Osei Bonsu a 1817 da 1820 sun tarar da malamai a kusa da sarki. Amma yawancin fatake a Salaga suke tsayawa, ba su gangarowa kurmi.

Abubuwa uku suka sauya wannan tsari. A 1874 sojojin Ingila suka ci Kumasi da yaƙi, ƙarfin Asante a kan arewa ya raunana. A 1892 yaƙin basasa ya tarwatsa Salaga, fatake suka bazu zuwa Kete Krachi da Kintampo da Yeji. Cikin waɗanda suka bar Salaga har da shahararren malamin nan haifaffen Kano, Alhaji Umaru, wanda ya ƙare rayuwarsa a Kete Krachi a 1934. Sai kuma 1896, lokacin da Turawa suka kama Asantehene Prempeh na ɗaya suka fitar da shi daga ƙasarsa. Daga nan ƙofar Kumasi ta buɗe wa baƙi. Akwai wata gaskiya da ba mu cika son faɗa ba: ba duka kakanninmu ne suka zo da huhun goro ba, wasu da bindigar Bature suka zo. Sojojin da ake kira Hausawa suna cikin rundunar Ingila, kuma suna cikin ganuwar Kumasi a 1900 lokacin da Yaa Asantewaa ta yi mata ƙawanya. Tsofaffin Tonawa ba su manta da wannan ba, mu ma bai kamata mu yi kamar ba mu sani ba.

Da jirgin ƙasa ya iso Kumasi daga Sekondi a 1903, sai gari ya cika. Hausawa da Mosawa da Wangarawa da Yarabawa da Zabarmawa da Dagwambawa da Fulani suka yi ta kwararowa, Hausa ta zama harshen da kowa ke ciniki da shi. Turawa suka amince da sarautar Sarkin Zango, wadda Malam Sallau mutumin Katsina ya riƙe a shekarun 1920. Tsohon Zango ya cika aka yi Sabon Zango, aka yi Aboabo da Asawase da Zangon Mosawa.

To, duk wannan jama'a a ina suke sauka ranar da suka iso? A wurin mai gida. A bakin fatake, mai gida sana'a ce. Shi ne mutumin da ya riga ya zauna a gari, ya san harshe, ya san kasuwa. Baƙo zai sauka a gidansa kyauta, ya ci abincinsa, ya ajiye kaya da kuɗi a ɗakinsa. Mai gida zai haɗa shi da dillali, ya tsaya masa idan an sayi kaya bashi, ya shiga tsakani idan rigima ta tashi. Ladansa na fitowa daga la'adar ciniki. Babu banki, babu takardar yarjejeniya, amma shanu da goro na maƙudan kuɗi suna sauya hannu a kan maganar mutum ɗaya. Wata Baturiya mai bincike, Polly Hill, ta yi rubutu a kan wannan tsari a 1966, wata kuma, Enid Schildkrout, ta fitar da littafi a kan zangon Kumasi a 1978. Duka da Turanci suka rubuta, kuma a cikin tsofaffin da aka yi rubutun a kansu ƙalilan ne za su iya karanta shi.

Mahaifin Kaka Bakatsine ne da ya biyo ayari, mahaifiyarsa kuwa Bagwanjiya ce 'yar Salaga. A Tsohon Zango aka haifi Kaka, a gidan wani mai gida ya tashi yana yayyafa wa goro ruwa yana sauya masa ganye. Da ya tara abin kansa a shekarun 1950, Zango ya riga ya matse, sai ya nemi fili a Krofrom. A Kumasi ƙasa ta kujerar sarauta ce, haya ta dogon lokaci ake ba mutum, don haka wurin sarakunan Tonawa ya je ya yi gaisuwa aka yanka masa. Krofrom ba zango ba ce zalla irin Aboabo. Unguwa ce ta gauraye, Tonawa sun fi yawa, mu muna tsakaninsu, tana tsakanin Ash Town da Dichemso da Suame da hanyar Tafo. A takardu ana kiranta Sabuwar Tafo, sunan Krofrom kuwa a Tonanci ma'anarsa cikin sabon gari. Ranar da na gane haka na yi dariya ni kaɗai. A Kano 'yan kudu ne a Sabon Gari, a Kumasi mu ne.

Kaka bai zama babban mai gida ba, domin kafin ya yi ƙarfi manyan motoci da jiragen ruwa sun riga sun sauya fataucin goro. Amma da zai gina gida sai ya ware ɗakin nan. Mma ta ce an sha ba shi shawara ya sa ɗan haya, amsarsa kullum ɗaya ce: "Ubana a ɗakin wani ya kwana ranar da ya shigo garin nan. Bashi ne, ban gama biya ba."

Zaman baƙo a ƙasar mutane yana da ranar da ake tuna masa shi baƙo ne. Gana ta sami 'yanci ranar 6 ga Maris 1957, kuma a cikin wannan shekarar gwamnatin Kwame Nkrumah ta kori manyan zangon Kumasi biyu zuwa Najeriya, Alhaji Amadu Baba da Alhaji Usman Lardan, waɗanda suke tare da 'yan adawa. Da suka kai ƙara kotu suna cewa su 'yan ƙasa ne, sai majalisa ta yi doka ta musamman mai ɗauke da sunayensu, shari'a ta mutu. Tsofaffinmu sun ce tun ranar nan kowa a zango ya san sarauta da dukiya ba sa hana a ce maka tashi.

Babbar girgizar ta zo ranar 18 ga Nuwamba 1969. Gwamnatin Kofi Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar izinin zama mako biyu ya bar ƙasar. Fiye da mutum dubu ɗari suka fita, yawancinsu zuwa Najeriya da Nijar da Togo da ƙasar da yanzu ake kira Burkina Faso. An sayar da gidaje da rumfuna a kan kuɗin da bai kai na ƙofa ba. Haihuwa a ƙasar kaɗai ba ta wadatar ba, sai ka nuna asalin iyaye, kuma wa ke da takardar haihuwa a zango a lokacin? Ƙanen Kaka da suke uba ɗaya ya ɗaure kayansa ya nufi Kano, garin da bai taɓa gani ba, kuma har ya rasu bai sake taka Kumasi ba.

Abin da ya ceci gidanmu maƙwabciya ce, wata Batoniya mai sayar da tumatir, wadda duk unguwa ke kira Maame. Ita ce ta shigo da dare ta ce wa Kaka, "Alhaji, kar ka sayar. Ba ni makulli." Ta tura shi da iyalinsa gonarsu ta koko a ƙauye, suka yi wata uku a can. Duk wanda ya zo tambayar gidan sai ta ce a hannunta yake. Da ƙura ta lafa, dangin mahaifiyarsa na Salaga suka zo suka shaida shi, ya dawo ya tarar ko buta ba ta ɓata ba.

Shekara goma sha uku bayan nan sai reshe ya juya. A watan Janairu 1983 gwamnatin Shehu Shagari ta kori baƙi marasa takarda daga Najeriya, 'yan Gana kusan miliyan ɗaya suka dawo gida, a shekarar da fari da gobarar daji suka cinye gonaki, yunwa ta fito da ƙashin wuyan mutane. Ɗan Maame na cikinsu. Ya dawo daga Agege da jaka ɗaya, gidan uwarsa ya cika da dangi. Wata takwas ya yi a ɗakin baƙinmu, Kirista ne, yana kwana a kan tabarmar da malamai ke kwana. Mma ta ce a lokacin da gwangwanin madara ake auna garin rogo, amma Kaka bai taɓa yarda a tsallake kwanonsa ba.

Ni Krofrom ɗin da na buɗe ido na gani ta shekarun 1990 ce. Kafin kiran Assalatu na biyu mai koko ta riga ta hura wuta, ƙamshin ƙosai ya cika lungu. Ana idar da salla Kaka zai jawo rediyonsa ya kamo Sashen Hausa na BBC. Mu agogonmu shi ne na GMT, don haka ba mu da wahalar ƙara awa ɗaya irin ta mutanen Najeriya da Nijar. A gefen tabarmar nan na fara kwaikwayon masu karanta labarai, da ludayi a bakina. Wajen ƙarfe shida sai titi ya cika da kanikawa da masu walda da yaransu, riguna baƙi ƙirin da man inji, sun nufi Suame Magazin, inda babu motar da za ta mutu a kasa tada ta. Mata kuwa sun ɗora tire sun gangara Kejetia da Babbar Kasuwa. A bakin kwata mai wake da shinkafa ta buɗe tukunya, an dafa da karan dafi ya yi ja, ana zubawa a ganye. Shi ne Tonawa suka ara suke kira waakye, kamar yadda duk ƙasar ta ari koko da ƙosai da tuwon zafi da sunayensu na Hausa.

Da La'asar kuma turmi ne ke magana. Ta wannan katanga ana kirɓa fufu, ta waccan ana tuƙa tuwo, yara na kai kwano daga gida zuwa gida. Ranar Sallah Maame ce ke fara samun cinyar ragonmu, ranar Kirsimeti ita ke aiko mana da kaza da ranta, don ta san sai mun yanka da kanmu. Asabar da Lahadi muna makarantar allo, sauran kwanaki muna boko. Iyayenmu da yawa ba su yi boko ba don tsoron makarantun mishan, sai da aka kafa sashen ilimin Musulunci a ƙarƙashin hukumar ilimi a 1987 zukata suka kwanta, mu ne muka ci moriyar wannan.

Hausarmu ma ta gauraye ce. Mu a nan mace da namiji duk "ya zo" ne, kuma rabin zancenmu da Tonanci a ciki. Ranar da na fara aikin rediyo wani mai sauraro ɗan Kano da ke kasuwanci a Alabar ya bugo waya yana dariya, ya ce, "Malam, matar nan da kake ta cewa ya tafi, ya dawo, yaushe ta zama namiji?" Na gyara bakina saboda aiki, amma in na shiga Krofrom ajiye gyaran nake a bakin titi.

Ga kuma ƙwallo. Unguwa ta rabu biyu, masu Asante Kotoko da masu King Faisal ta Alhaji Grusah, wadda muke gani tamu ce ta zango. Tsofaffi ba su da zance sai na Baba Yara, ɗan Kumasi da haɗarin mota ya katse wa wasa a 1963, wanda yanzu babban filin wasa na gari ke ɗauke da sunansa. A 1999, ina ɗan shekara goma, mun cika tsakar gidan wani mai talabijin muna kallon Samuel Kuffour, yaron Kumasi da ya bi ta King Faisal, yana dukan ƙasa yana kuka bayan Manchester United ta ƙwace wa Bayern Munich kofi a mintunan ƙarshe. Har matan da ba su san ƙwallo ba sun share hawaye. Da ya ɗauki kofin a 2001, har gari ya waye ana buga gwangwani a lungunmu.

A duk tsawon shekarun nan ɗakin baƙi bai yi mako guda a rufe ba. Tashar motocin Bolgatanga da Bawku a Krofrom take, kullum tana sauke mutane da kwandunan zabi da buhunan albasa. 'Yan kamasho sun san gidanmu, in suka ga wanda ya rasa inda zai nufa sai su ce, "Bi lungun nan, ka tambayi gidan Alhaji mai goro." Na ga Bazabarme mai tallan yadi, na ga almajiri mai neman malami, na ga Bafrafre da ya kawo matarsa babban asibiti. Aikina shi ne kai musu ruwa da kwanon tuwo, kuma a bakinsu na fara jin sunayen Yamai da Wagadugu da Sakkwato.

Kada mai karatu ya ɗauka aljanna nake ba shi labari. Mun yi layin ban-ɗakin gwamnati da asuba, mun yi layin famfo, damina na zuwa kwata ta shigo ɗaki. Akwai ɓangaren unguwar da ake wa laƙabi da Kolombiya saboda ƙwaya, kuma cikin abokan wasana akwai waɗanda suka ƙare a can, akwai waɗanda suka bi hamada zuwa Libiya ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Kasuwar Krofrom da aka tashi 'yan kasuwa aka fara ginawa a 2007 ta shafe fiye da shekara goma sha biyar ciyawa na cinye ginshiƙanta. A shekarar ce kuma aka sauya kuɗi, sidi dubu goma ya koma sidi ɗaya, a shekarar ce Kaka ya rasu. Maame ta zauna cikin matan gidanmu har aka yi sadakar bakwai.

Bayan rasuwarsa ɗakin ya ɗan ci gaba da aiki, sannan aka fara ajiye buhunan siminti a ciki, daga baya aka sa kwaɗo. Kowa na da hujja: zamani ya lalace, ba ka san wanda za ka saukar ba. Akwai gaskiya a ciki. Amma baƙi ba su daina zuwa ba. Ku bi ta Kejetia da tsakar dare ku ga 'yan matan arewa masu dako, waɗanda ake kira kayayo, kwance a bakin shaguna da jarirai a gefensu. Ɗaki ɗaya yanzu sai ka biya hayar shekara biyu a dunƙule, alhali dokar haya ta 1963 ba ta yarda a karɓi fiye da ta wata shida ba. Da yawa cikin masu karɓar nan jikokin waɗanda aka saukar kyauta ne.

Ni ma ban fita ba. Bara wani saurayi daga Nijar ya yi ta tambaya har aka kawo shi inda nake haya. Ya ce kakansa ne ya ba shi sunan gidan Alhaji mai goro a Krofrom, wai ya kwana a can shekara arba'in da suka wuce. Na ba shi sidi ashirin, na nuna masa hanyar masallaci. Da daren nan na shiga rediyo na gabatar da shiri a kan zumunci. Har yau in na tuna sai in ji kunya ta rufe ni.

Ranar Lahadi zan je taron. Ba zan ce kar a sayar ba, domin cikin magada akwai zawarawa, akwai masu 'ya'ya a makaranta, kuma haƙƙinsu ne da Allah Ya ba su. Abin da zan roƙa shi ne mu fara duba ko za mu iya gina shaguna a gaban gidan da kanmu, mu bar ɗakin nan waƙafi. In hakan ya gagara, to kowa ya cire wani abu daga rabonsa a kama ɗaki ɗaya kusa da tasha da sunan Kaka, a damƙa makullin a hannun limamin unguwa. Na san yayana zai ce, "Kai dai ɗan jarida ne, magana ba ta yi maka wuya." Zan amsa masa cewa ni zan fara cirewa.

Ku kuma da kuke da tsoho ko tsohuwa a gida, a Nima ne ko Sabon Zango na Ankara, a Lome ko Abidjan ko Sabo ta Ibadan, ku ajiye waya a gabansu ku danna ɗaukar murya. Ku tambaye su a gidan wa ubansu ya kwana ranar da ya iso. Ni ban yi wa Kaka wannan tambayar ba sai da ƙasa ta rufe shi, abin da na kawo muku ma daga bakin Mma na tsinto.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya saka wa waɗanda suka sauke su da alheri.